Jakar barcin sojan Amurka mai kashi huɗu: abin da take iyawa a sanyin arewa da inda take gazawa

Duk shekara idan hunturu ya kama, masu gwanjo a Kasuwar Dole ta Damagaram sukan fito da kayan sanyi daga ƙasan dila: rigunan ulu, huluna, barguna, da jakunkunan barci iri-iri. Mafi yawan jakunkunan nan na kwanan rani ne a ƙasashen da aka yi su, ɗuminsu bai wuce na bargo ɗaya ba. Amma jefi-jefi akan ci karo da wata dabam, wani baƙin buhu mai nauyi da igiyoyi suka ɗaure ta ko'ina, wanda idan aka kwance sai a ga jaka cikin jaka cikin jaka. Wannan ita ce jakar barcin da rundunar sojan Amurka ta fara raba wa dakarunta a shekarun 1990, sunanta Modular Sleep System, a taƙaice MSS. Ana kuma samunta a intanet wajen masu sayar da tsofaffin kayan soja, kuma ita ce mafi yawan ƴan'uwanmu da ke karatu a ƙasashen sanyi suke tambaya a kai idan suka fara sha'awar doguwar tafiyar ƙasa da kwanan daji, domin ta fi sabbin jakunkunan hunturu araha nesa ba kusa ba.

Hukuncinmu a kanta shi ne: kaya ne na gaskiya, mai jure wahala, wanda zai yi wa mutum shekaru. Sai dai lambar sanyin da ake tallata ta da ita tana yaudarar mai saye, kuma ga mai goyon kayansa a baya kwana da kwanaki, nauyinta babban aibi ne.

Kashi huɗu ne. Na farko jaka koriya, siririya, wadda aka yi wa alkawarin digiri 30 na ma'aunin Faranhait. Na biyu jaka baƙa mai kauri, alkawarinta digiri 10 ƙasa da sifiri a wannan ma'aunin. Na uku rigar ruwa mai zanen kakin soja, wadda ake zura sauran biyun a ciki; an yi ta da Gore-Tex, wani yadi mai hana ruwa shiga amma yana barin tururi ya fita. Na huɗu buhun matsewa mai igiyoyi tara. Tsarin haɗawa shi ne baƙar ta shiga cikin koriyar, su biyun su shiga rigar ruwa, a danna maɓallan ƙarfen da ke bin gefen zif ɗin su kama juna, ta yadda mutum zai buɗe duka ukun a gefe ɗaya. Mutane da yawa suna juyawa, su sa koriyar a ciki don ita ce siririya. Kuskure ne. Koriyar ta fi tsawo da faɗi, kusan mita 2 da santimita 30, baƙar kuma kusan mita 2 da santimita 20, don haka idan aka cusa babbar cikin ƙaramar sai audugar ta danne, ɗumin ya ragu. Akwai sabon samfuri mai launin toka da ya zo daga baya da buhun matsewa biyu, amma tsarinsa ɗaya ne.

Maganar lambobin nan ita ce wurin da ya kamata a tsaya sosai. Amurka da Faranhait take awo, mu kuwa da Selsiyos muka saba, wanda rediyo ke faɗa idan ana hasashen yanayi. Digiri 30 na Faranhait daidai yake da digiri 1 ƙasa da sifiri a namu. Digiri 10 ƙasa da sifiri nasu, 23 ne ƙasa da sifiri a namu. Idan aka haɗa kashi ukun, alkawarin shi ne 30 ƙasa da sifiri a Faranhait, wato wajen 34 a Selsiyos. To amma wannan alkawarin yana da sharuɗɗan da mai talla ba ya faɗa. An ƙiyasta shi ne ga soja matashi, ƙosasshe, sanye da cikakkun kayan sanyinsa na soja a cikin jakar, kwance a kan shimfiɗa, kuma abin da ake nufi shi ne ya samu barcin kamar awa huɗu ya tashi da ransa da lafiyarsa. Ba a ce zai yi minshari har asuba ba. Jakunkunan farar hula ana gwada su da ƙa'idar ISO 23537, wadda ta gaji EN 13537 ta Turai, suna kuma zuwa da lamba uku: ta jin daɗi, ta iyaka, da ta tsira da rai. Jakunkunan soja ba sa cikin wannan ƙa'ida, saboda haka ba a ɗora lambar MSS kusa da ta jakar shago a ce daidai suke. Lambarta ta fi kusa da ta tsira.

Sannan a tuna da jikin wanda zai kwana a ciki. A Damagaram, daren Janairu da ya sauka wajen digiri 14 ko 15 shi ne muke cewa jaura ta sauko, a hura wuta a zaure, yara su ƙi wanka. Wanda ya tashi a nan bai saba da kwanan sanyi na gaske ba, kuma jakar da ke hannun mai gwanjo ta riga ta yi shekaru ashirin ko fiye, audugarta ta sha matsa. Shawararmu ita ce a rage wa kowace lamba aƙalla digiri 10 na Selsiyos. Koriyar ita kaɗai a ɗauke ta a matsayin ta digiri 8 zuwa 10 sama da sifiri. Baƙar da rigar ruwa, zuwa wajen 10 ƙasa da sifiri. Duka ukun a haɗe, 20 ƙasa da sifiri, shi ma da shimfiɗa mai kyau da tufafi busassu. Wanda ya san yana da saurin jin ɗari ya ƙara ragewa.

Da wannan lissafin za a ga inda ta dace. Ga mai hawa dutsen Bagzam a ƙasar Azbin, inda ƙololuwar Idukal-n-Tages ta kai mita 2,022 kuma daren Disamba da Janairu kan sauka kusa da sifiri, baƙar da rigar ruwa sun isa har da rara. Iska tana yin sanyi da kimanin digiri 6 da rabi a duk mita 1,000 da aka hau, shi ya sa bargon da ya ishi mutum a Agadas ba zai ishe shi a saman dutse ba. Haka ma tsaunukan Hogar na Aljeriya, inda Tahat ya kai mita 2,908. A irin waɗannan tafiye-tafiyen jaki ko raƙumi ko mota ke ɗaukar kaya, nauyi ba matsala ba ne, kuma sanyin busasshe ne. Nan MSS ba ta da abokin gasa a kuɗinta. Amma hunturun arewacin duniya wani abu ne dabam. Ɗauki hanyar Kungsleden ta ƙasar Suwidin, mai tsawon kimanin kilomita 440 daga Abisko zuwa Hemavan: dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, a watan Disamba rana ba ta fitowa sam a Abisko, sanyi kan wuce 20 har 30 ƙasa da sifiri. A can jakar tana bakin iyakarta, kuma duk wani ƙaramin sakaci yana da tsada.

Nauyinta duka ya kama tsakanin kilo 4 da kilo 5. Baƙar ce ta fi, kusan kilo 2, koriyar da rigar ruwa kowace wajen kilo 1, sauran na buhu. Idan an ja igiyoyin tara iya ƙarfi takan koma kamar lita 30, kusan rabin jakar goyo mai lita 65. Jakar zamani da aka cika da lallausan gashin agwagwa ko dinya, mai irin wannan ɗumin, ba ta cika wuce kilo 2 ba, kuma ba ta cin rabin wannan wurin. Mai tafiyar ƙasa ana so kayansa kada su wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa. Mutum mai kilo 70, kayan kilo 17 ko 18 ke nan. Idan jakar barci ta cinye 5, tanti ya ci 3, shimfiɗa 1, risho da mai da tukunya 2, me ya rage wa tufafi da abincin mako guda? Shi ya sa masu tafiyar hunturu a Suwidin da Kanada suke jan kayansu a wani dogon kwanon roba mai santsi a kan ƙanƙara, an ɗaura musu shi a ƙugu. Wanda zai yi haka, MSS za ta yi masa. Wanda zai goya kuwa, ya ƙara tara kuɗi ya sayi mai gashin agwagwa, ko ya ɗauki rigar ruwan MSS kaɗai ya haɗa da ita.

Abin da ya sa take da nauyi shi ne kuma alherinta. Audugar roba ce a ciki, foliyesta mai dogon zare. Gashin agwagwa idan ya jiƙe yakan dunƙule kamar jiƙaƙƙiyar kaza, ɗuminsa ya tafi kusan gaba ɗaya, kuma a daji ba ya bushewa. Audugar roba ko ta yi laima tana riƙe wani kaso na ɗumi, ta kuma bushe da wuri. Zif ɗin manya ne, ba sa kullewa, da gangan aka yi su haka don soja ya fizge ya fita da sauri. Sharrinsa shi ne cikin dare, idan mutum yana juyi, zif ɗin kan zame da kansa iska ta shigo. Maganinsa a danna maɓallin da ke saman kafaɗa kafin a yi barci. Baƙar tana da wani wuya a ciki mai zagaye ƙirji wanda ke hana iskar ɗumi tserewa duk lokacin da aka motsa, da hula mai zariya. A ja zariyar har sai hanci da baki kaɗai suka rage a waje. Koriyar ba ta da wannan wuyan.

An yanka ta da faɗi don ƙaton soja mai takalmi da kaya. Siririn mutum zai tarar da fili da yawa, kuma duk filin nan jikinsa ne zai ɗumama shi. A cusa busassun tufafi a ƙasan ƙafa a cike gurbin.

Yanzu ga abin da ke kayar da mutane a doguwar tafiya, wanda daren farko ba ya nunawa. Jikin ɗan Adam yana fitar da tururi duk dare ko bai ji zufa ba. Tururin yana ratsa audugar yana neman fita. A sanyin Azbin yakan fice ya tafi abinsa. Amma idan waje ya kai 15 ko 20 ƙasa da sifiri, kafin ya isa bangon waje ya riga ya huce, sai ya zama raɓa, raɓar ta daskare a cikin audugar koriyar ko a bangon cikin rigar ruwa. Gore-Tex yana barin tururi ya wuce ne ta ƙananan ramuka, ba ya barin ƙanƙara. Da safe sai ka ga farin gari kamar an barbaɗa gishiri a cikin rigar. Idan aka naɗe haka, ya narke ya shiga auduga. Dare na biyu a ƙara, na uku a ƙara. Zuwa kwana biyar ko shida jakar ta yi nauyi, ta kwanta, mai ita yana mamakin yadda jakar da ta yi masa zafi ranar farko ta koma tabarma. Ayarin matafiyin nan Ba'amurke Will Steger da ya kai Ƙuryar Arewa ta duniya da karnuka a 1986 ya gamu da wannan: jakunkunan barcinsu sun tara ƙanƙara har nauyinsu ya ninka fiye da sau biyu.

Matakan kariya ba su da wuya, sai dai suna son naci. Kada a taɓa cusa fuska cikin jaka a yi numfashi, komai ɗari. Numfashi ya fi fata kawo laima. A rufe fuska da hular ulu mai ramin ido a maimakon haka. Da an farka, tun jakar na da ɗumi, a naɗe ta daga ƙafa zuwa kai a matse iskar mai laima ta fita, sannan a raba kashi ukun, a juya rigar ruwa ciki waje, a kakkaɓe ƙanƙarar da hannu ko buroshi kafin ta narke. Idan rana ta fito a shanya baƙar ko ta minti 30 ce, baƙin launi yana jan zafin rana ko a cikin sanyi. Wanda zai kwana a tanti mai kyau ba ya bukatar rigar ruwan a kowane dare. Cire ta yana barin tururin ya fice. Tafiyar da ta wuce kwana huɗu a sanyin da ya wuce 15 ƙasa da sifiri kuwa tana bukatar buhun ciki marar shan iska, na leda mai ƙarfi ko nailan mai shafi, wanda mutum zai shiga da ƴar rigar ciki siririya kafin ya shiga jakar. Ba shi da daɗi, jiki yakan yi danshi, amma laimar tana tsayawa a jikin ledar, audugar ta kwana a bushe. MSS ba ta zuwa da wannan buhun. Tela zai iya ɗinka shi da yadin laima, buhun ya kai tsawon mita 2 da faɗin santimita 80 ko 90.

Ba ta kuma zuwa da shimfiɗa, wannan shi ne gibi na biyu. Audugar da ke ƙarƙashin bayan mutum ta danne, ba ta da wani amfani. Ƙasa ce ke zuƙe zafin jiki, kuma ta fi iska saurin zuƙa. Ana auna shimfiɗa da wata lamba da ake kira R: yadda ta ƙaru, haka take tare sanyi. Katifar soso mai naɗewa, irin Z Lite Sol ta kamfanin Therm-a-Rest, lambarta 2 ce. Kwana a kan dusar ƙanƙara yana son 5 ko fiye. Lambobin suna haɗuwa, don haka a sa ta soso a ƙasa, ta iska mai lamba 3 ko 4 a sama. Idan ta iskar ta huje cikin dare, ta soson tana nan. Tabarmar roba da darduma ba sa cikin lissafi. A Azbin buzun tunkiya mai gashi a kan katifar soso yana aiki ƙwarai, nauyinsa ne kawai ke hana a goya shi.

Jaka ba ta ƙirƙirar zafi, na jikinka take tsarewa. Wanda ya shiga da sanyi da yunwa zai kwana da su. A ci abinci mai maiƙo dab da kwanciya. A nan guzurinmu na gida ya fi na shago dacewa: gyaɗa tana da wajen kalori 570 a giram 100, dabino wajen 280, ga ƙuli-ƙuli, kilishi, cuku da man shanu, duk ba sa lalacewa. Mai tafiyar hunturu yana ƙona kalori 4,000 zuwa 5,000 a yini. Dabino yakan daskare ya zama kamar tsakuwa, a ajiye na yini a aljihun ciki. A tafasa ruwa lita 1, a zuba a gorar roba mai kauri da murfinta ke ɗauruwa sosai, a zura ta cikin safa, a sa tsakanin cinyoyi. Ba gorar ruwan sayarwa ba, wannan za ta lanƙwashe ta zube. Gorar nan kuma ita ce ruwan shan safe da bai daskare ba. A canza safa da rigar ciki zuwa busassu. Auduga ta gaske, irin ta singileti da yadin shadda, tana shan gumi ta riƙe, don haka ba a sa ta a jikin fata. Ulu ko yadin roba ake sawa. Waya, batir, da takalmi a cikin leda, duk su kwana cikin jaka, faɗin MSS ya yi rana a nan. Takalmin da ya kwana a waje da gumi a cikinsa, da safe itace ne.

Dole mu faɗi wata magana da babbar murya, domin ta shafi al'adarmu kai tsaye. Mun saba shigar da kaskon gawayi ɗaki don jin ɗumi ko dafa shayi. A cikin tanti rufaffe wannan kisa ne. Gawayi da risho suna fitar da iskar guba marar wari marar launi, mutum ya ji ciwon kai da barci, ya kwanta bai tashi ba. A dafa a waje ko a bakin ƙofa a buɗe. Kuma nailan ɗin jakar nan tartsatsi ɗaya ke huda shi. A san kuma cewa gas ɗin butan, irin na ƙananan gwangwanaye, ba ya tashi idan sanyi ya kai sifiri, domin a daidai nan yake daina zama iska. Gas ɗin isobutan yana kai wa wajen 12 ƙasa da sifiri, na furofan har 42. A sanyi mai tsanani rishon da ke aiki da fetur ko kananzir ya fi aminci. Wajen narkar da dusar ƙanƙara a fara zuba ɗan ruwa a gindin tukunya, in ba haka ba gindin ya ƙone kafin ta narke. Game da alwala a irin wannan yanayi, malamanmu sun yi bayanin taimama da shafa a kan huffi. A nemi sani tun kafin a tashi, kada a jiƙa ƙafa a sanyin da zai iya cinye yatsu.

Idan abokin tafiya ya fara rawar ɗari ba ƙaƙƙautawa, harshensa ya yi nauyi, hannunsa ya kasa ɗaure igiya, zafin jikinsa na neman sauka ƙasa da digiri 35 ke nan. A tsaya nan take, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a sa shi cikin jakar a kan shimfiɗa da gorar ruwan ɗumi a ƙirji, a ba shi abin sha mai zafi da sukari idan yana iya haɗiya. Idan rawar ɗarin ta tsaya alhali yana ƙara rikicewa, abin ya yi tsanani, asibiti ake nema. Yatsan da ya yi fari ya ƙandare ba a murza shi, ba a kai shi bakin wuta. Ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39 ake sa shi, shi ma sai an tabbata ba zai sake daskarewa ba.

Saye a gwanjo yana son ido da haƙuri. Kada a yarda da buhu a ɗaure. A roƙi mai kaya, a ce “Alhaji, a ba ni tabarma in baje ta”, a fitar da komai a ƙirga: sau da yawa rigar ruwan ce ba ta ciki, alhali ita ce mafi daraja, an cire ta an sayar dabam. Idan babu ita, kuɗin ya sauka sosai. A duba takardar da aka ɗinka a ciki: ta gaske tana ɗauke da lambar kayan gwamnati mai farawa da 8465 da sunan kamfanin da ya yi kwangila, Tennier Industries na cikin waɗanda aka fi gani. Akwai kwaikwayo da yawa masu kama da ita a ido, rigar ruwansu leda ce kawai da ba ta numfashi. A baje baƙar a bar ta minti 10 a ga ko za ta kumbura. Wadda ta zauna shafal kamar zane ta mutu, ba abin da zai tashe ta. A ɗaga ta a rana, mutum ya leƙa ta ciki: inda haske ya ratso da yawa, audugar ta yi sirara ko ta yage, galibi a wajen ƙugu da kafaɗa. A sansana. Warin ajiya yana fita da wanki, warin funfuna ba ya fita. A ja kowane zif sau uku daga sama har ƙasa, a danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya.

Rigar ruwan ta fi son bincike. A juya ta ciki waje a bi duk layin ɗinki da yatsa. A kan kowane ɗinki akwai siririn tef da aka manna da zafi, shi ke toshe ramukan allura. A tsohuwar riga tef ɗin yakan ɗago a gefe, ya yi fari, wani wurin ya ɓare gaba ɗaya, musamman a ƙafa da hula. Ɗan ɗagowa kaɗan ana gyara shi da gam ɗin ɗinkin tanti. Idan kuwa bangon ciki ya kumbura ya rabu da na waje kamar fatar da ta ƙone, a bar ta. Gwaji mafi sauƙi shi ne a yi ɗan rami da yadin a tafin hannu daidai kan ɗinki, a zuba ruwan buta, a jira minti biyar, a shafa ƙasan. Ko digo ɗaya ya isa hujja.

Gyara a garin nan yana yiwuwa, in an san wa za a kai wa me. Maɓallin da ya fita, dukawa za su buga sabo. Zif da yagewar koriya ko baƙa, tela zai iya, a dai ce masa ya yi amfani da zaren nailan, kada kuma ya dinga ɗinke bangon waje da na ciki wuri ɗaya, domin duk inda aka matse audugar da ɗinki nan sanyi zai bi. Rigar ruwa kuwa kada allura ta taɓa ta sai in akwai gam ko tef da za a rufe ɗinkin da shi. Ƙaramin rami a manna masa faci ta ciki da waje.

Wanki sau ɗaya bayan saye ya wadatar, sannan sai ta yi datti sosai. A cika babban baho da ruwa mai ɗan ɗumi, a sa sabulun ruwa marar ƙarfi kaɗan, ba garin sabulu mai bilic ba, a tattaka a hankali, a ɗauraye sau uku ko huɗu har kumfa ta ƙare. Ba a murɗa ta, ba a ɗaga ta ta gefe ɗaya tana jiƙe, nauyin ruwan zai yaga audugar. A tallabo ta duka kamar jariri. A shanya a kwance a inuwa, iskar hunturu za ta busar da ita cikin yini ɗaya ko biyu. Kada a ba mai wanki da guga ba tare da an ja masa kunne ba, dutsen guga na gawayi yana narkar da nailan nan take.

Ajiya ce ke kashe irin wannan kaya a Damagaram fiye da tafiya. Buhun matsewa na hanya ne kawai. Jakar da aka bari a matse daga hunturu zuwa hunturu audugarta ba ta sake tashi. A zuba ta sakwa-sakwa a babban buhun yadi, ko tsohuwar rigar katifa, a rataye a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Ɗakin kwano da ke ɗaukar zafin Afrilu da Mayu, lokacin da inuwa ma ke wuce digiri 40, yana lalata gam ɗin tef ɗin rigar ruwa; ɗakin soro na ƙasa ya fi. A nisanta ta da bango saboda gara, da ƙasa saboda ɓera, wanda ke son audugar roba don sheƙa. Idan damina ta kankama, a sauko da ita sau ɗaya a watan Agusta a sha mata iska a inuwa, a duba ko laima ta kama ta.